Rufus: manhajar da nake haɗa filash ɗin saka Windows da ita

Tunda Microsoft suka daina tallafa wa Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025 mutane ke ta tambaya yadda za su koma Windows 11, musamman masu laftof tokumbo irin su HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude na da, waɗanda in ka gwada sai ta ce maka kwamfutarka ba ta cika sharuɗɗa ba. To ni dai amsata Rufus ce.

Wani mai suna Pete Batard ne ya ƙirƙire ta tun 2011, kyauta ce, nauyinta bai kai MB 2 ba, kuma ba sai ka yi instolin ba, ka sauke a rufus.ie ka danna kawai ta buɗe. Abin da take buƙata filash mai GB 8 zuwa sama da fayil ɗin ISO na Windows, wato fayil ɗaya mai ɗauke da duk kayan saka Windows, da za ka sauke a shafin Microsoft, shi ya haura GB 5 don haka a tanadi data. Nan ma ta fi mini Media Creation Tool, manhajar Microsoft ta haɗa filash, don ita wancan duk sanda za ka haɗa filash kai tsaye sai ta sake sauke komai daga farko, amma da Rufus ka sauke ISO sau ɗaya ka adana, ka yi ta haɗa wa 'yan uwa da abokai ba tare da ka ƙara kashe ko kwabo a data ba.

Inda ta fi burge ni shi ne in ka danna START, sai ta fito da wani ɗan akwati tana tambayarka ko a cire sharuɗɗan Windows 11 na TPM 2.0 da Secure Boot (abubuwan tsaro ne a cikin kwamfuta) da RAM GB 4, har da tilascin nan na sai ka shiga da akawun ɗin Microsoft kafin ka gama saitin. Wallahi wannan ya ceci kwamfutoci masu yawa da lafiyarsu ƙalau, laifinsu kawai furosesansu bai kai Intel ƙarni na 8 ba. Amma fa a sani, Microsoft sun ce ba su yi alƙawarin ci gaba da turo wa irin waɗannan afdet ba, sannan tsofaffin can masu furosesa irin Core 2 Duo ko Rufus ba ta iya musu komai a kan Windows 11 sigar 24H2, ba za su ma tashi ba.

Matsalarta ga sabon shiga ita ce wajen zaɓen GPT ko MBR, wato tsarin da za a raba filash ɗin da shi. Kwamfuta mai sabon tsarin tashi na UEFI GPT take so, tsohuwa mai BIOS kuma MBR, in ka zaɓi wanda bai dace ba sai ka yi ta danna F9 a HP ko F12 a Dell don kwamfutar ta tashi daga filash, amma filash ɗin ya ƙi tashi ka ɗauka ya lalace ne. Da sun ƙara bayani mai sauƙi a wurin da ya fi. Kuma don Allah a kwashe hotuna da takardun da ke filash ɗin tukuna, tas take share shi, sannan a tabbatar laftof na da caji kar a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki.

Akwai wata manhaja irin ta mai suna Ventoy ma, ta fito a 2020, ita sai dai ka yi ta kwafa ISO kala kala cikin filash ɗaya, masu gyara a shago sun fi son ta. Amma wanda kwamfutarsa ɗaya yake son ɗagawa Rufus ta ishe shi. Sai dai a Windows kaɗai take aiki, kuma mai Windows 7 ya nemi Rufus sigar 3.22 don daga 4.0 sun daina yi da ita.