Gargaɗi ga masu sayen gida a estet: kar get da gidan samfuri su ruɗe ku

Salam jama'a. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in rubuta ko in bari, saboda Yaya ta ce ita ba ta son a yi ta yawo da labarinta. To jiya da daddare sai ga wani ya turo irin tallan nan a guruf ɗinmu na WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, gida ɗaki uku da falo a Abuja, biya kaɗan-kaɗan, wai furomo ne zai ƙare ƙarshen wata, har mutum biyu sun fara tambayar lambar asusu. Nan take na kira ta na ce Yaya ki yi haƙuri, shirun nan ba zai yiwu ba. Ta yarda, amma ba suna. Sunan kamfanin ma ba zan faɗa ba, lauya ya hana tunda magana tana gaban hukuma, kuma ko na faɗa ba zai tsare ku da komai ba, mutanen nan yau suna da wannan suna gobe sun sake rajista da wani.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, shekara 35 ta yi tana aikin gwamnati, duk tsawon zamanta a Abuja gidan haya take a Kubwa. Da ta ajiye aiki aka ba ta ɗan abin da aka ba ta, ta haɗa da kuɗin wani filinta da ta sayar a gida, burinta kawai ta samu inda za ta sa haƙarƙarinta ba mai ƙwanƙwasa mata ƙofa ƙarshen shekara. Wata yarinya mai talla ce ta fara samunta, mai ladabi wallahi, Hajiya kaza Hajiya kaza, kullum sai ta kira ta gaishe ta ta tambayi jikoki. Ranar wata Asabar suka kawo bas kyauta aka kwashi mutane zuwa ganin wuri, ni na raka ta, kuma bari in faɗi laifina tun yanzu, ni ne na fara cewa Yaya wurin nan ya yi.

Ta hanyar filin jirgi ne, an wuce Lugbe sai a sauka daga kwalta a yi tafiya mai ɗan nisa a jar ƙasa. Kana isowa get ne ƙato mai kyau da fenti sabo, mai gadi da yunifom, tutoci suna kaɗawa, kana shiga kuma ga gida guda ɗaya an gama shi tas, tayil, silin, fitilu, kicin har da kabet, kujeru a falo, an kunna janareta iyakwandishan yana busawa. Bayansa fandeshan ne kamar guda takwas da tarin bulo da tifa ɗaya ta yashi, sauran duk ciyawa. Manajan ya ce nan da wata 18 duk inda idonmu ya kai gidaje ne, ga inda masallaci zai zauna, ga wurin wasan yara. Mu duka cikin bas ɗin nan ba wanda ya ce a nuna masa takardar filin. Gidan muka kalla, sanyin ya shige mu, shi ke nan.

Ta ba da kafin alƙalami kashi 30 cikin ɗari, aka ba ta risit da wata takarda mai kauri da tambarin ruwan gwal, an rubuta lambar bulok da lambar gida, suna ce mata alokeshin leta. Yaya ta kai ta aka yi mata laminetin ta sa a ƙasan akwati. Wata-wata tana turawa ba ta taɓa fashi ba. Wajen biya na biyar ne yarinyar ta kira ta ce asusun kamfani ya samu 'yar matsala da banki, a tura ta asusun oga kai tsaye za a kawo risit gida. Nan ya kamata mu farka, ba mu farka ba.

Sai aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, wata mai bi masa aka saki naira, kowa ya san abin da ya biyo baya. Buhun simintin da ake saya wajen dubu biyar ya haura dubu goma a farkon 2024, rodi da kwano da tayil duk suka bi sahu. Wannan gaskiya ne, ba wanda zai musa, har masu gini na kirki sun sha wuya a lokacin. Amma su waɗannan kamar jira suke. Takarda ta zo wai a ƙara kuɗi saboda tsadar kayan gini, da muka yi magana suka buɗe mana yarjejeniyar da ta sa wa hannu, can ciki da ƙananan rubutu an ce kamfani yana da ikon sake farashi in kasuwa ta canza, kuma wanda ya ce ya fasa za a cire kaso mai tsoka daga kuɗinsa, sauran a biya shi sai ranar da aka samu wani mai saye. Ba ranar gama gini a ciki ko ɗaya, wata 18 ɗin nan a baki ne kawai. Ta ƙara. Bayan nan kuɗin titi da kwalbati da taransifoma, shi ma ta biya, don wanda ya riga ya zuba rabin dukiyarsa gani yake in ya tsaya ya yi asara, gara ya ƙarasa.

Abin ya fashe ne ranar da muka je da kanmu ba tare da mun sanar da su ba. Fandeshan ɗin nan takwas suna nan yadda muka bar su, sai ciyawa da ta rufe su. Muna tsaye a inda aka ce nan ne nata sai ga wani bawan Allah da matarsa, ya yi sallama ya ce lafiya muke tsaye a gidansa? Ya buɗe waya ya nuna mana tasa takardar, bulok ɗaya, lamba ɗaya, tambarin gwal ɗaya. Daga baya muka gano su uku ne a kan wannan lambar. Na kalli Yaya, ba ta ce komai ba, ta samu bulo ta zauna tana ta innalillahi.

Sai a lokacin muka ɗauki lauya ya je AGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filayen Abuja, ya yi bincike, abin da ya kamata a yi tun ranar farko da kuɗin da bai kai kwatan biyan wata ɗaya ba. Filin ba sunan kamfanin ba ne sam. Na wani ne daban, sun yi yarjejeniya da shi za su biya shi a hankali su yi gini, suka ba shi somin-taɓi suka kafa get suka gina gida ɗaya, suka shiga karɓar kuɗin mutane, shi kuma ba su cika masa ba ya janye. Izinin gini ma babu. Ba a daɗe ba 'yan kula da gine-gine suka zo suka shafa jan fenti a katanga. Ofishinsu da muke zuwa a cikin gari haya ce, mun koma mun tarar da kwaɗo, yarinyar nan mai talla ita ma kuka take a waya wai wata huɗu ba a ba ta la'adarta ba, har da kuɗin mamanta a ciki. Na yarda da ita, galibin yaran nan ba su san komai ba, an ba su fulaya ne kawai an ce su nemo kwastoma.

Yanzu ga abin da nake so ya shiga kunnen kowa. Takardar da kamfani ya buga a firintarsa ya ba ka, ba ita ce shaidar mallaka ba, alkawari ne kawai tsakaninka da shi. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna ne, a Abuja kuma ministan birnin tarayya ne yake ba da fili, ba sarkin ƙauye ba, ba kamfani ba. Don haka abin tambaya na farko shi ne ina R of O ko C of O na filin gaba ɗaya, wato takardun haƙƙin fili da gwamnati ke bayarwa, sunan wa ke jiki, mene ne lambar fayil. Ka karɓi kwafi ka ba lauyanka, naka na kanka ba wanda su suka haɗa ka da shi ba, ya je ya duba. Abuja AGIS ne, Kaduna KADGIS, Kano KANGIS, Nasarawa NAGIS. In sun fara ce maka takardar tana kan hanya, ko oga ya yi tafiya da ita, ko sai ka fara biya za a nuna maka, ɗauki takalminka. Kuma ka ɗauki safiyo ya je ya ɗauki ma'aunin wurin da aka nuna maka a gwada da abin da ke takarda, don ana nuna wa mutum takardar gaskiya ta wani fili a kai shi wani filin daban.

Wani abin da suke ɗaga wa mutane shi ne satifiket na CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a cikin firem a bangon ofis. Shi wannan abin da ya nuna kawai kamfani ya yi rajista, bai ce suna da ko taku ɗaya na ƙasa ba. Haka ma hoton oga da manyan mutane, ko ɗan fim ko mai barkwanci yana yi musu talla a Instagram da TikTok, an biya shi ne ya faɗi abin da aka rubuta masa, bai je AGIS ba.

Sannan farashi. Dan Allah ku riƙa yin lissafi. Nemi birkila ko injiniyan da ka sani ka tambaye shi ɗaki uku da falo daga fandeshan zuwa fenti nawa zai ci a yau, ka ɗora kuɗin fili a wannan yankin, sai ka duba abin da ake ce maka ka biya. In nasu ya yi ƙasa da kuɗin ginin kansa, to wa zai cika gibin? Ko dai ba za a gina ba, ko a zo maka da ƙari daga baya, ko a gina maka da bulon da za ka murje da hannu. Araha ba ta ado. Mu kallon kitse muka yi wa rogo, don lokacin har murna muke mun samu garaɓasa.

Akwai kuma masu rubuta Abuja ɓaro-ɓaro a talla alhali wurin yana Masaka ko gaba da nan, cikin jihar Nasarawa. Ba laifi ba ne sayen gida a can, mutane da yawa suna zaune lafiya, amma ka san abin da kake saya da ofishin da za ka je bincike. Mutanen Kano ku ma kar ku ce namu ba irin na Abuja ba ne, awon igiya ne ake zagaye wa katanga a kafa get a kira shi estet, hukumar tsara birane ta KNUPDA ba ta san da shi ba, sai ranar da aka zo fitar da titi a ce gidanka yana tsakiyar hanya. Wanda ya ga rusau na zamanin El-Rufai yana minista a Abuja, ko na Kano a watan Yunin 2023, ya san katafila ba ta tambayar nawa ka kashe.

'Yan uwanmu da ke Saudiyya da Turai da sauran wurare ku ne abincinsu na farko wallahi, bidiyon gidan samfuri ake turo muku a ce naku ne ya kai linta. Ku tura ɗan uwa ya je ba sanarwa, ya tsaya a kan lambar ya kira ku ta bidiyo. Ma'aikata kuma akwai masu cewa za su samo muku bashin NHF, wato asusun gidaje na ƙasa, ku kawo kuɗin fom da na bin fayil. Tsarin gaskiya ne, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari a albashi, bankin FMBN na gwamnatin tarayya ke riƙe da shi, ruwansa kashi 6, amma ta bankin lamunin gidaje mai lasisi ake nema, ba ta asusun wani mutum ba. Ka je ofishin FMBN da ƙafarka ka tambaya ko sun san aikin.

Ko gidan an gama shi kana gani da idonka, ka je da damina, cikin Agusta bayan an tafka ruwa, ka ga inda ruwa yake bi, mutanen Lokogoma za su ba ka labarin wannan. Sabon fenti yana rufe tsagewa da damshi. Ka buɗe famfo, ka leƙa silin, ka tambayi inda sokawe yake, ka ƙwanƙwasa wa wanda ya riga ka tarewa ƙofa ka tambaye shi ko an ba shi takardunsa da nawa suke biya na hidimar estet duk shekara. In kuma dole sai ka sayi wanda ba a gina ba, biya ya bi aiki, a kai linta ka ba da kaza, a yi rufi ka ba da kaza, a rubuta ranar miƙa makulli da abin da za su biya ka in sun saɓa, kuma ko sisi kar ya shiga asusun da ba sunan kamfani ba. Kuɗin da Yaya ta tura asusun oga su ne yanzu suka fi ba lauya wahala, don biyu daga ciki ba a taɓa kawo risit ɗinsu ba.

Inda muke yanzu, waɗanda abin ya shafa mun haɗu mun buɗe guruf, an kai ƙorafi EFCC a rubuce, mutum ɗaya daga cikin daraktocin ya fito yana ta romon baka wai za a mayar da kowa wani sabon wuri a Kuje in an ƙara ɗan wani abu, har wasu cikinmu sun fara laushi. Lauya ya ce kar wanda ya sake biyan komai, kar kuma wanda ya miƙa takardunsa na asali da sunan za a canza masa sababbi, kwafi kawai. Duk wanda ya san ya zuba kuɗi a irin wannan wuri ta wajen Lugbe ya je banki ya fitar da sitetmen tun yanzu, ya adana risit da duk saƙonnin WhatsApp kar ya goge ko ɗaya. Yaya dai tana nan Kubwa a gidan da take, mai gidan ya ƙara mata haya bana, mu ƙannenta ne muka haɗa muka biya.