Teburin da nake haya a shagon Mushe, unguwar Zariya

Jikka goma, wato sefa dubu goma, nake biya duk ƙarshen wata don in samu tebur ɗaya, kujera ɗaya da wurin jona waya a wani shagon buga takardu da ke unguwar Zariya, nan Maradi. Abokan sana'a biyu sun tambaye ni ko kuɗin yana biyan kansa, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi.

Da rubutu nake ci da iyalina, kuma ba ni da albashi. Ina fassara takardun wayar da kai daga Faransanci zuwa Hausa ga ƙungiyoyin da muke ce ma furoje, ina rubuta gajerun wasannin rediyo da tallace-tallace, ina gyara ma ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo rubutunsu na ƙarshen karatu. Jefi-jefi kuma wani mawallafi daga Kano yakan turo littafi in duba masa. Mai irin wannan sana'a, jarinsa shi ne ranar da ya yi alkawarin miƙa aiki. Ka saɓa sau biyu, ba wanda zai yi maka faɗa, sai dai ka ji an ba wani.

Abin da ya kai ni shagon ke nan. Wutar Maradi daga Najeriya take zuwa, ta layin Katsina. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa ma Nijar takunkumi, aka yanke layin a farkon Agusta, ba a maido shi ba sai Maris 2024. Batirin kwamfutata minti arba'in yake riƙewa. A cikin watannin nan na rasa aikin wani ɗan littafi kan abincin yara ƙanana, shafi talatin da biyu, wanda kuɗinsa ya isa buhun hatsi har da canji. Ranar da aka gaya mini an ba wani, na fita da kwamfuta a jaka ina bin shaguna ina tambayar wa ke da sola.

Mai shagon tsohon malamin lakkwal ne, shi ya sa kowa Mushe yake ce masa, yadda muke kiran malaman boko a nan. Ɗaki ne guda mai rufin kwano da silin, kwamfuta shida, injin buga takarda biyu, injin fotokopi ɗaya. Faifan sola takwas ne bisa rufin, batura suna jere ƙarƙashin kanta. Akwai gurup, wato janareta, a baya, amma ba ya tada shi sai aiki ya yi yawa, saboda tsadar mai. Tun da na fara zama, sau uku kacal na ga kwamfutoci sun mutu gaba ɗaya, duka ukun kuma cikin damina ne, ranakun da hadari ya rufe rana tun safe. A garin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ba wutar ce ta zaunar da ni ba, don yanzu masu sola sun yi yawa. Haruffa masu ƙugiya ne. Duk wanda ya taɓa kai rubutun Hausa wurin bugawa ya san baƙin cikin nan: ka yi kwana uku kana sa ɓ, ɗ, ƙ da ƴ inda ya dace, a buɗe takardar a wata kwamfuta, su koma ƴan akwatuna, ko kuma yaron shago ya share ƙugiyoyin duka yana ganin ya yi maka gyara. Wasu na ɗauka ado ne. Ni da nake fassara takardun kiwon lafiya na san bari daban, ɓari daban, kuma takardar da za a karanta ma mata masu ciki a wurin awo ba ta da hurumin haɗa su. Haka baki da baƙi, kafa da ƙafa, karya da ƙarya. Na taɓa ganin takardar da aka buga ɗari biyar a wani wuri, aka zubar da ita duka saboda wannan.

Mushe ya koyar a ajin da ake fara ma yara karatu da Hausa, don haka bai buƙaci in yi masa bayani ba. Duk kwamfutocinsa ya sa musu Keyman, manhajar da ke ba ka damar buga haruffan kai tsaye, da kuma zanen haruffa na Charis da Andika, waɗanda ake samu kyauta kuma suna ɗauke da ƙugiyoyin duka, manya da ƙanana. Ya ma ware kwamfuta ɗaya mai madannai irin na Najeriya, QWERTY, don sauran duk AZERTY ne irin na Faransa da muka saba, kuma wanda hannunsa ya saba da ɗaya yakan yi ta tuntuɓe a ɗayan. Ranar da na fara kawo aikin Kano, shi ya tuna mini: “Malam, su can ba sa rubuta ƴ irin tamu, 'y suke sawa. Ka tambayi mai aikin kafin ka tura.” Gaskiyarsa. Daga wurinsa na koyi kada in miƙa komai wurin bugawa sai na mai da shi PDF.

Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi su zama harsunan aiki, masu neman fassara sun ƙaru a wurina, kuma da yawansu ba su san akwai wannan matsala ba sai takarda ta fito. Duk wanda ya tambaye ni, nan nake turo shi.

Farashinsa daidai da na gari ne: fotokopi dala biyar shafi (dala ɗaya sefa biyar ce), bugawa baƙi da fari dala goma, mai launi dala arba'in. Mai launin bai gamsar da ni ba, ja yakan fito kamar ruwan goro. In hoto ne a takardarka, kai ta wani wuri.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi. Na farko hayaniya. Lokacin da aka buɗe gasar ɗaukar ma'aikata, ko ɗalibai suka zo haɗa rubutun ƙarshen shekara, shagon ya zama kasuwa: wannan na neman a buga masa takardar neman aiki, wancan na waya da ƙarfi, ga masu shayi a bakin ƙofa. Fassara tana son kunne ya huta, don sai ka maimaita jimlar a ranka ka ji ko haka Bahaushe zai faɗe ta. A irin waɗannan makonni, abin da nake yi a awa biyu yakan ci mini wuni.

Na biyu ya fi damuna. Kowa na zuwa da ƴar kile ɗinsa ta USB ya soka a kwamfuta, cutar kwamfuta na yawo daga wannan zuwa wannan. Sau ɗaya na ba da tawa a buga mini shafi huɗu, na dawo na tarar duk manyan fayilolina sun ɓuya. An samo su, amma na yi asarar yamma guda da kwanciyar hankalina. Tun daga nan ta WhatsApp nake tura abin bugawa, kile ɗina ba ta ƙara shiga injin kowa. Haɗe da wannan akwai sakacin yaran shago: sukan bar takardun mutane a fuskar kwamfuta, har da na asibiti da na kotu, duk wanda ya zauna ya gani. Na yi ma babbansu magana, na ce: “Ƙanena, sirrin mutane ne wannan, in ka buga ka share.” Ya ce to, Yaya. Ya yi mako biyu yana sharewa, ya koma gidan jiya. Na gaya ma Mushe, ya kamata ya tsaya a kan wannan da kansa.

Ga zafi kuma. A Afrilu da Mayu, in la'asar ta yi batura sun fara sauka, sai a kashe fanka don injin fotokopi ya samu ƙarfi. Intanet ma da yamma jan ƙafa yake. Kuma ana rufewa da magariba, alhali da dare ne kaina ya fi buɗewa.

Akwai abu ɗaya da ba a rubuta a allon farashi ba. Kuɗin marubuci ba ya zuwa a kan lokaci. Furoje yakan ce sai takarda ta bi ofis uku, ka yi wata biyu kana jira. Aikin Kano kuma da naira ake biya, tun da ta faɗi a 2023 abin da ɗan canji zai miƙo maka ba ya kai abin da ka lissafa ranar da kuka yi ciniki. Watan azumin bara na je da kunya na ce masa ban samu kuɗin tebur ba. Bai bari na ƙarasa ba: “Malam, zauna ka yi aikinka. In sun biya ka, ka biya ni.” Wata biyu ya ɗaga mini, bai taɓa tada maganar a gaban yara ba. Ranar da saƙo ya shigo na karɓo a kamfanin aika kuɗi na Nita, kafin in je gida nan na fara tsayawa.

Wanda ke da sola a gida da ɗakin da yara ba sa shiga, ba ya buƙatar hayar tebur, ya zo bugawa kawai. Wanda kuwa yake kamar ni, ya zo tun ƙarfe takwas ya yi aikinsa mai nauyi kafin azahar, ya nemi teburin jikin bangon baya, nesa da injin fotokopi, ya riƙe kile ɗinsa a aljihu. Na biya na wata mai zuwa. Na kuma roƙi Mushe ya riƙa barin mu har bayan isha'i ko da kwana uku ne a mako, na ce zan ƙara jikka biyu. Ya ce in bari ya sayo batura biyu bayan kaka, sai mu sake magana.