Gandun Dajin Gashaka-Gumti: wurin mai ƙafa ne, ba na mai zaman mota ba

Duk wanda ya saba da Yankari, inda ake hawa mota a zagaya a ga giwaye sannan a dawo a yi wanka a Wikki, to ya ajiye wannan tunanin a gida kafin ya nufi Gashaka-Gumti. Nan daji ne na tafiyar ƙafa, kuma abin da kuɗinka zai saya maka shi ne izinin shiga, da jami'in gandun daji mai rakiya, da 'yan dakon da suka san kowane rafi da sunansa. A ganinmu ya cancanci wahalarsa, amma ga wanda ya shirya kaɗai.

Shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa har ya jingina da iyakar Kamaru. A 1991 aka haɗe dazukan Gashaka da Gumti aka mayar da su guda. Ɓangaren arewa, wajen Toungo, fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Kudu kuwa duwatsu ne da kurmi da koguna, kuma can ne masu yawon ƙafa ke nufa. Hedikwatar tana Serti, a kan hanyar Jalingo zuwa Bali zuwa Gembu. Daga Jalingo ka ware yini guda, ka tashi da sassafe don ka isa da sauran rana.

A ofishin Serti ake biyan kuɗin shiga, a rubuta sunanka, a haɗa ka da jami'i. Ba a shiga babu rakiya, kuma wannan doka ce mai kyau. Kada ka faɗo musu kwatsam; ka tuntuɓe su tun da sauran kwanaki, ka faɗi yawanku da kwanakin da za ku yi, ka kuma tambayi halin tsaro a ɓangaren da kake so, domin su ne ke da labarin yau. Ka yi ciniki a fili kafin a ɗaga kaya: nawa ne na jami'i a kowace rana, nawa ne na ɗan dako, wa zai ciyar da su, kuma ranar dawowa tana cikin lissafi ko a'a. Yawancin saɓanin da ake samu a daji daga wannan magana ta abinci yake tasowa, saboda baƙo ya auno shinkafar mutum uku alhali bakin mutum bakwai ne zai ci. Ka riƙe tsabar kuɗi, ƙananan canji, da katin shaidarka, tunda bakin iyaka ne.

Masu rakiyar su ne abin yabo mafi girma a wannan wuri. Jami'i zai tsaya cak ya nuna maka sawun ɓauna a laka, ya ce na daren jiya ne, don gefen sawun bai bushe ba. Zai ɗaga kai ya nuna maka wani tarin rassa da aka lanƙwasa a ƙololuwar bishiya, ya ce gadon biri mai ganga ne. Haka mutanen yankin ke kiran chimpanzi, saboda yadda yake dukan saiwar manyan itatuwa tana amo kamar ganga. Ka sa a ranka cewa jin kukansa da ganin gadonsa sun fi sauƙi a kan ganinsa ido da ido. Abin da za ka fi gani shi ne gwaggon biri, da biri mai baƙi da fari mai doguwar jela, da mazo, da gadu, da tsuntsaye iri-iri, sai dorina da kada a gurbin Mayo Kam. A wannan kogin akwai giwan ruwa da tsage, ga mai sha'awar fatsa da izini.

Ga mai kwana biyu ko uku, ƙauyen Gashaka ya ishe shi sansani. Daga nan ana hawa tudu a ga kufan ganuwar da Jamusawa suka gina a zamanin mulkin mallakarsu, ana kuma shiga kurmi zuwa Kwano, inda masu binciken birai suka daɗe suna aiki. Hanyar Serti zuwa Gashaka ta ƙasa ce, tana son mota mai ƙarfin taya huɗu ko babur. Masauki na talaka ne: ɗaki, gado, ruwan bokiti. Wanda ke neman otal ya nemi wani wuri.

Babban buri shi ne Chappal Waddi, wanda ake kira Gangirwal, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419. Daga ɓangaren Gashaka tafiyar kwanaki ce masu yawa ta cikin kurmi. Yawancin masu hawa sukan zagaya ta tsaunin Mambila, ta Nguroje zuwa Njawai a kan babur, sannan a taka. Ta nan ya fi sauƙi domin ka riga ka fara daga sama, sai dai hawa da gangara ne babu ƙaƙƙautawa, kuma gangarar ce ke cin gwiwa da farcen ƙafa. Ka yanke farce kafin tafiya, ka sari sanda. Za ku bi ta rugagen Fulani; Fulatanci ne harshen hanya, kuma gaisuwa ga jauro, wato shugaban wurin, kafin a kafa tanti wajibi ce, ba ado ba. In an ba ku madara, a tafasa.

Lokaci shi ne rabin shiri. Daga Disamba zuwa Maris ake zuwa. Da damina koguna kan cika su yanke hanya, duwatsu su yi santsi, matsattsaku su yi yawa. Amma rani ma yana da nasa: ƙurar hunturu kan rufe nesa, ka hau ƙololuwa ka tarar da farin hazo maimakon tsaunukan Kamaru. Farkon Disamba ya fi ba da sararin gani, sai dai ciyawa tana da tsawo, tana ɓoye namun daji. Zuwa Fabrairu an ƙone ciyawa, dabbobi sun taru bakin ruwa, amma kwari ya yi zafi. Ka zaɓi wanda ya fi maka, tsauni ko dabba.

Maganar kaya kuwa, takalmi ne farko. Sabon takalmi shi ke mayar da mutum gida a rana ta biyu da bororo a dunduniya. Ka taka shi mako biyu kafin tafiya, ka zo da safa mai kauri ƙafa uku da filasta. Ka haɗa da takalmin roba mai maɗauri don ƙetare rafi, domin silifas ruwa ke tafiya da shi. Kada ka sa shuɗi ko baƙin tufafi a kwari, su ke jawo ƙudan tsando, kuma cizonsa yana ratsa siririn yadi. Kaki mai dogon hannu ya fi. A sama kuwa dare yana da sanyin da mutumin Kano ko Sakkwato ba ya zato, don haka rigar sanyi da hular sanyi da bargo mai kauri dole ne. Bayan an ratsa makiyaya, a duba ƙafa da cinya saboda kaska.

Ruwa ba ya yankewa a kudu, amma shanu na sha a sama da ku. A tafasa ko a jefa ƙwayar tace ruwa, a lissafa lita uku zuwa huɗu ga mutum a rana, da ƙullin gishiri da sukari na ORS. Abinci a saya a Serti ko Jalingo: shinkafa, taliya, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, kayan shayi. Kada kayan ɗan dako ɗaya ya wuce kilo 15 a hanyar dutse. Gidan sauro, maganin zazzaɓi, tocila da batir na ajiya su shiga jaka, domin asibiti yana da nisa kuma sabis ɗin waya yakan ɗauke da zarar an nutsa ciki. Ka faɗa wa na gida ranar fitowarka ka ƙara kwana ɗaya a kai, don kada hankalinsu ya tashi.

A tashi bayan sallar asuba, a yada zango kafin la'asar ta yi sanyi, saboda duhu a kurmi yana riga na fili sauka. Wajen alwala da wanka, ka tambayi jami'i inda za ka tsuguna. Gurbi mai zurfi da ruwansa ya kwanta shiru shi ne na kada da dorina. A ɗebo a bokiti daga inda ruwa ke gudu a kan duwatsu, a koma tudu.