Jirgin yawon Antatika: sabis ya yi, amma kar ku bari ofis ya zaɓa muku watan tafiya

Jama'a masu tambaya a kan jirgin ruwan da ke kai 'yan yawon buɗe ido Antatika, ga abin da na gani. Ba zan kama sunan kamfanin ba don akwai inda zan yi ƙorafi, kuma dama kusan duk hanyarsu ɗaya ce, a tashi daga Ushuwaya can ƙarshen kudancin Ajantina, a bi mashigin Beagle a fita teku, a yi wajen kwana biyu ana tsallaka mashigin Drake kafin a fara hango ƙanƙara.

Cikin jirgin dai ba laifi. Ɗaki ƙarami ne amma da ɗumi, ruwan zafi ba ya yankewa, abinci kuwa sai ka ture, in ka faɗa musu tun wajen sayen tikiti ba ka cin alade ko abin da aka dafa da giya suna kiyayewa. Rigar sanyi mai kauri kyauta suka ba mu, takalmin roba aro ne za ka mayar. Waɗanda suka fi burge ni su ne ma'aikatan da ke fita da mu a kwale-kwalen roba mai inji da suke ce wa Zodiac, mutanen nan sun san aikinsu wallahi, iska na juyawa sai ka ji sun canja wurin sauka nan take ba wani dogon turanci.

Matsalata da ofishin sayar da tikiti ce. Kana tuntuɓarsu abin da za su fara cusa maka shi ne Disamba ko Janairu, wai shi ne lokacin da ya fi kyau, ba wanda zai tambaye ka kai me kake son gani, kuma abin mamaki wannan lokacin shi ne tikiti ya fi tsada. To ai ba haka abin yake ba. Lokacin zuwa gaba ɗaya daga Nuwamba ne zuwa Maris, lokacin zafinsu ke nan, sauran watannin teku daskarewa yake ga duhu, ba jirgin yawo da ke shiga. Amma a cikin wata biyar ɗin nan wurin canjawa yake sosai, wanda ya je farko da wanda ya je ƙarshe in suka zauna hira sai ka rantse ba ƙasa ɗaya suka je ba.

Ma'aikatan da ke yin kakar gaba ɗaya sun ce min Nuwamba na masu ɗaukar hoto ne, dusar ƙanƙara fara fat ba a tattake ta ba, tsuntsayen fengwin na neman aure suna satar wa juna tsakuwa don gina sheƙa. Sai dai sanyi ya fi, kuma ƙanƙarar teku kan toshe wasu hanyoyi, har mashigin Lemaire da kowa ke son gani ba kullum ake iya ratsa shi ba. Kifin wel ma, ƙaton nan mai fesa ruwa ta ka, bai gama isowa ba.

Disamba da Janairu ba ƙarya suka yi ba, akwai kyau. Daga ƙarshen Disamba ƙwai ke fara ƙyanƙyashewa, rana na kai awa 20 tana haskawa, sanyin kuma da sauƙi, yana yawo kusa da digiri 0 ko ya ɗan haura. Amma lokacin hutun Kirsimeti da sabuwar shekara ne, kowa ya taso, jirage cike, rangwame babu. Kuma ɗan uwa mai sallah ka lissafa da wannan, dare kusan babu shi, magariba da isha da asuba duk sun cunkushe wuri ɗaya, gara ka tambayi malami yadda za ka yi tun kafin ka tashi.

Ni ƙarshen Fabrairu na je kuma in za a sake shi zan sake zaɓa. Lokacin ne kifin wel ke cika wurin, waɗannan ƙattin masu fesa ruwa ta ka, sun yi wata da watanni suna cin ƙananan jatan lande sun ƙoshi, ba sa sauri, har su ne ke zuwa duba ku. Akwai wata safiya da direban Zodiac ya kashe inji ya ce kowa ya yi shiru, sai ga wani ya taso dab da mu ya saki numfashi fuuu, tururin ya sauko mana a fuska da warin ruɓaɓɓen kifi, ya juya a hankali muna ganin farin fiffikensa a ƙarƙashin ruwa ya fi kwale-kwalenmu tsawo ko kusa da haka, sannan ya ɗaga jela ya nutse. Wata dattijuwa a gefena kyamara na hannunta amma ko dannawa ba ta yi ba. Ban da wannan, ƙanƙarar teku ta ja baya a lokacin, shi ya sa jiragen da ke son tsallaka layin da'irar Antatika, wajen digiri 66 da rabi kudu, suka fi yin haka daga Janairu zuwa Maris.

Amma fa in faɗa muku gaskiya, wurin tsuntsayen a Fabrairu ƙazanta ce. Farar dusar nan ta hoto ta tafi, sai taɓo da kashin fengwin ja-ja saboda jatan landen da suke ci, warin kuwa tun kana cikin kwale-kwale zai tarbe ka, ya bi rigarka har ɗaki. 'Ya'yan sun girma suna zubar da gashin jarirai, duk sun yi buzu-buzu kamar tsohuwar katifar da audugarta ta fito, suna bin iyayensu da gudu suna kukan abinci. Ni dariya abin ya ba ni, amma wanda ya biya dubban daloli don ya ga fari tas zai ji haushi, kuma ofishin ba su gaya wa kowa ba. Sannan a 'yan shekarun nan azumi na faɗowa Fabrairu da Maris, a duba kalanda.

Wani abu da ya kai zaɓen wata muhimmanci shi ne girman jirgi. Ƙungiyar kamfanonin yawon Antatika, IAATO, da aka kafa a 1991, dokarta mutum 100 kawai ke sauka wuri ɗaya a lokaci guda, jirgin da ya ɗauko fiye da 500 kuwa ba ya sauke kowa, daga bene za ku yi kallo. Namu ƙarami ne, saboda haka in yanayi ya bari safe da yamma muna fita. Suna da tsauri a kan doka kuma na yaba, mita 5 tsakaninka da dabba, a wanke takalmi da magani fita da dawowa, kuma tunda murar tsuntsaye ta iso yankin a 2023 ba zama ba durƙuso ba ajiye jaka a ƙasa.

Shi kuwa Drake ba ruwansa da watan da aka je. Mu da tafiya lafiya lau, da dawowa rabin ɗakin cin abinci babu kowa, jiri da amai sun kwantar da mutane, likitan jirgi ya sha aiki. Wanda ba zai iya ba akwai masu tashi da jirgin sama daga Punta Arenas a Chile zuwa tsibirin King George, awa biyu ne, amma ya fi tsada kuma hazo na iya riƙe ku.

Intanet ɗinsu sai a hankali ga tsada, kuma kuɗin goron ma'aikata da ake sa ran ka bayar a ƙarshe ba ya cikin farashin da suka fara nuna min. Inshorar kwaso mara lafiya ita ma dole ce kuma daga aljihunka, ba sa barin ka hau sai ka nuna takardarta.