Turaren Kannauj a wani shagon Agege: wanne ya cancanci kuɗinsa?

A layukan 'yan turare na Agege yanzu da wuya ka wuce shago uku ba ka ga kwalba mai ɗauke da sunan Kannauj ba. Shagon da muke magana a kansa yana cikin 'yan kaɗan da ke sauke kayan daga Indiya a gorunan alminiyam, su ɗura wa mai saye a gabansa, tola ɗaya, rabi ko kwata. Kala huɗu na Kannauj ne a kantarsa: khus, shamama, mitti da wardi. Biyun farko sun cancanci kuɗinsu. Mitti sai an yi tambaya kafin a biya. Wardin kuwa bai kai sunan da aka liƙa masa ba. Wanda ya san garin da yadda ake dafa turare a cikinsa zai gane dalili da kansa.

Kannauj ƙaramin gari ne a jihar Uttar Pradesh da ke arewacin Indiya, kusa da kogin Ganga, kimanin kilomita 80 daga Kanpur. Ƙidayar 2011 ta ba shi mutum 84,862, gundumar da ke ɗauke da sunansa kuma, wadda aka cire daga Farrukhabad a 1997, mutum 1,656,616. Ƙaramar hukumar Agege kaɗai ta haura 450,000 a ƙidayar 2006, wato ta ninka garin fiye da sau biyar. A riƙe wannan lissafi. Gari mai wannan girma, da ke dafa turare da itace a tukwanen jan ƙarfe, ba zai iya cika duk kwalaben da ke yawo da sunansa daga Dubai zuwa Legas ba.

A da can babban birni ne. Nan ne fadar sarki Harsha, wanda ya yi mulki daga 606 zuwa 647, kuma bayansa dauloli uku, Pratihara da Pala da Rashtrakuta, sun daɗe suna gwabzawa a kan mallakarsa. Sarki Mahmud na Gazna, a Afganistan ta yau, ya ci garin a 1018, a kusa da shi kuma Sher Shah Suri ya karya rundunar Humayun, sarkin daular Mughal, a 1540. Sarauta ta tafi, sana'ar turare ta zauna, har gwamnatin Indiya ta kafa cibiyar binciken ƙamshi a garin a 1991.

Ga yadda ake aikin. Ana zuba fure ko saiwa da ruwa a babbar tukunyar jan ƙarfe da suke kira deg, a liƙe murfin da yumɓu da auduga don kada tururi ya tsere, a hura wutar itace ko busasshen kashin shanu a ƙarƙashi. Tururin yana bin bututun gora zuwa wata gorar jan ƙarfe mai dogon wuya, bhapka, wadda ke zaune cikin kwarmin ruwan sanyi. A cikin bhapkar akwai man sandal, shi ne ke kama ƙamshin. Idan wuta ta yi yawa furen ya ƙone, warin ƙauri ya shiga man, ba kuma ya fita. Idan ruwan kwarmin ya ɗumame ba a canza ba, tururin ba ya komawa ruwa, ƙamshin ya bi iska. Washegari a tsiyaye ruwan, a mayar da man nan ƙarƙashin sabon fure, haka kullum har mako biyu ko fiye. Daga ƙarshe a zuba a tandun fata a ajiye a rana, fatar ta fitar da sauran danshi.

Duk maganar tana kan man da aka sa a bhapka. Sandal na gaskiya, na jihohin Karnataka da Tamil Nadu da ke kudancin Indiya, ya yi tsada ƙwarai, don haka masu dafawa da yawa sun koma farafin ko wani sinadari mai suna DOP. Irin wannan turaren ma a Kannauj ɗin aka yi shi, ba a yi ƙarya ba, amma ba kaya ɗaya ba ne. DOP na cikin sinadaran da ake tausasa roba da su, Tarayyar Turai ta haramta shi a kayan shafa, kuma bai kamata ya hau garwashi a ɗakin da yara ke kwana ba.

Gwaji uku ne mai saye zai iya yi. A ɗiga digo biyu a cikin cokali ɗaya na sifirit na kemis a girgiza: sandal yana narkewa, farafin yana warewa ya tsaya ƙwaya-ƙwaya. A ɗiga ɗaya a ruwa: idan ya watse ruwan ya yi fari, an tsinka shi da wani sinadari mai suna DPG, wanda ke haɗuwa da ruwa. Na uku sikelin masu zinari ne. Tola giram 11.66 ce, kuma mililita 12 na sandal kusan daidai da haka yake, yayin da farafin mai yawan nan ba ya wuce giram 10 da ɗoriya. A auna kwalbar babu komai tukuna. Sai dai DOP nauyinsa kusan ɗaya da sandal, yana kuma narkewa a sifirit, don haka a nan hanci ne alƙali: bayan awa biyar ko shida a bayan hannu, sandal yana barin ƙamshin itace mai laushi, DOP kuwa idan furen ya tashi ba abin da ke saura sai maiƙo.

Khus ɗin shagon shi ne gwaninsu. Saiwar ciyawa ce 'yar'uwar jema, kuma wannan nau'in ba a sa masa man sandal ko wani mai, tsantsarsa ne. Yana da kauri, launinsa kore mai duhu wanda ya samo daga jan ƙarfen tukunya, ƙamshinsa mai sanyi ne da ya dace da zafin Legas, ba ya juyewa ya yi tsami da gumi. Kore mai haske sharr alamar rini ce. Ko na gaskiyar ma yana barin tabo, don haka kada a ɗiga shi kan farar shadda. A murza a tafin hannu a shafa ta cikin riga.

Shamama haɗin kayan ƙamshi ne masu yawa, ganyaye da saiwoyi da kayan yaji, ana dafa su mataki-mataki. Na wannan shago ya narke a sifirit tsaf, ya kuma bar sandal a ƙarshe. Hajiyoyi masu haɗa humra, ku fara da kaɗan: kwatan tola ya ishi kwalbar rabin lita, a bar shi mako biyu a rufe kafin a ƙara, domin yana danne farce da almiski idan ya yi yawa. Da rana a cikin cunkoson Oshodi ya yi nauyi. Na dare ne da lokacin sanyi.

Mitti shi ne ƙamshin ƙasa idan ruwan farko ya sauka, kuma daga gasasshen yumɓu ake dafa shi. Shagon yana da gora biyu, ta sandal da ta farafin, mai shagon kuma ba ya ɓoyewa idan an tambaye shi, sai dai ba a rubuta a jikin gorunan ba, wannan kuwa gyara ne da ya kamata ya yi. Na farafin yana gushewa kafin awa ɗaya. Ko na sandal ɗin ma ba ya tashi nesa, na kusa da jiki ne.

Wardin ne ya gaza. Ana buƙatar tan uku zuwa huɗu na furen kafin a sami kilo ɗaya na tsantsar mansa, ana tsinke shi kafin rana ta fito a dafa a ranar, don haka ba zai yiwu ya zo daidai da farashin turaren kamfani ba. Wannan ya ware a sifirit, ƙamshinsa kaifi ɗaya ne daga farko har ƙarshe, a humra kuma zai taso sama ya yi maiƙo.

Akwai abu guda da ya shafi shagon kansa: kwalaben da aka riga aka ɗura suna jere a gilashin da rana ke duka daga azahar. Zafi da haske suna tsofar da turaren fure cikin 'yan watanni. Alhaji, ka ce a ɗura maka daga gorar da ke ciki, a kwalbar gilashi mai sandar gilashi, ba mai ƙwallon roba ba, a cika ta har wuya don iska ta ragu, a gida kuma ta zauna cikin durowa nesa da taga.