Sharhi: ƙarfen rataye monita da mai gyaran da ya rage min ƙarar fanka

Ina da ɗan shagon buga katin aure da kalanda a Agege. Wurin ƙarami ne, shi ya sa da na sayo babbar monita, wato allon kwamfuta, ta hannu mai inci 32 daga Computer Village da ke Ikeja, na ga gara a rataye ta a bango, tebur ya samu sarari. Ƙarfen ratayewa iri biyu na gwada, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya isa a faɗa wa mutane.

Na farko irin na talabijin ne, shafaffe, wanda ke manne allo da bango. Yana da araha, ga ƙwari, ga kyan gani. Amma tun makon da aka ɗaura shi shagon ya daina zaunuwa. Yawancin monita ba su da fanka a ciki. Tawa tana cikin 'yan ƙalilan masu ita, irin waɗanda ake yi wa masu wasan kwamfuta da masu aikin zane, don haskensu ya fi ƙarfi, zafinsu ma haka. Tana kan tebur da ƙyar ake jin motsinta. Da ta koma bango, azahar na yi sai ta kama gurnani, har kwastoma ya riƙa waiwayawa yana neman inda ƙarar ke fitowa. In ka ɗora hannu a saman allon sai ka janye. Wani lokaci hoton ya ɗauke ɗif ana tsakiyar aiki. Ga shi watan Maris ne, lokacin da zafin Legas kan haura digiri 32, iska ta tsaya cak, mutum na zaune yana gumi.

Mai gyaran farko bai ko sauke ta ba, ya ce fanka ta mutu, a kawo kuɗin sabuwa. Na biyu, wani matashi Bakano da ke aiki a Ikeja, shi ne dalilin wannan rubutu. Da ya iso ya ce, "Maigida, bari mu sauke ta tukuna kafin mu ɗora wa fanka laifi." Ya ajiye ta kan tebur, ya kunna, muka zauna muna hira. Ba a jima ba ƙarar ta lafa da kanta.

Sannan ya juya bayanta ya nuna min da yatsa. Iska mai sanyi ta ƙasa take shiga, mai zafi ta fita ta sama, amma farantin ƙarfen ya rufe rabin ramukan, abin da ya rage tsakaninta da bango kuma ko yatsa biyu ba sa shiga. Zafin da ta fitar shi take sake shaƙa. Littafin monita da yawa ya ce kada zafin wurin ya wuce digiri 40, kuma a irin wannan matsi ba wuya a kai hakan.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne noti. Ramuka huɗun da ke bayan monita suna bin ma'aunin da ake kira VESA, a tawa tazarar da ke tsakaninsu milimita 100 ce tsaye da kwance, notinta mai girman da ake kira M4, wanda yawanci tsawonsa milimita 10 ne. Wanda ya rataya min ya sa dogaye, ya ɗaure su tamau, har ɗaya ya tokari ƙarfen ciki. Duk girgizar fanka ta nan take bi ta shiga bangon, wanda na katako ne, shi kuma ya riƙa amsawa kamar ganga. Da irin wannan ganganci ake fasa wa mutum kaya masu tsada.

Ya buɗe ta ya hure ƙurar hunturu da ta yi dam a ciki. Na lura ya tare fukafukan fankar da tsinke kafin ya kunna bulowa, don kada iska ta juya ta fiye da kima. Ko ƙwayar abu ɗaya bai sayar min ba. Ya makara sosai ranar, ya ce cunkoson mota ne, kuma kuɗin aikinsa ba na wasa ba ne, amma ban ji ƙyashin biya ba.

Shi ya ba ni shawarar ƙarfe na biyu, mai hannu, wanda ke miƙo allo gaba ya bar kusan taƙi guda a baya. Ya sa gajerun noti da wosha ta roba. Yanzu saman allon ɗumi kawai yake yi, bai sake ɗaukewa ba. Aibinsa biyu: ya fi na farko tsada nesa ba kusa ba, kuma nauyin allon kan sa ya sunkuyo a hankali, sai an riƙa ƙara ɗaure gaɓar da ɗan makullin da ya zo da shi. Akwai kuma wani siririn sauti da ke tashi in an koma kan janareta. Mai gyaran ya ce wannan daga cajar wuta yake, ba ruwan ratayewa, kuma bai yi min alkawarin zai tafi ba.

Duk mai monita mai fanka a Legas, ya sayi mai hannu, ya duba nauyin da aka rubuta a kwalinsa, sannan ya tsaya a kan mai ɗaurawa ya ga tsawon notin da idonsa.