Yamai zuwa Tawa kan moto cikin Agusta: ta Ƙonni ko ta Filinge?

Ƙanena, ka ce kana son zuwa Tawa da motonka mai inji 125 a tsakiyar Agusta don bikin ɗan'uwanka, kuma wani abokinka ya ce ka yanke ta Filinge tunda ta fi kusa, maimakon ka zagaya ta Dosso da Ƙonni. Na bi hanyoyin nan biyu da moto, rani da damina. Bari in jera maka su, sai ka duba.

Batun kusa, abokinka bai yi ƙarya ba. In ka bi Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, ka karya arewa a Tsarnawa ka ratsa Badagishiri, wajen kilomita 550 ke gabanka. Ta Baleyara da Filinge za ka rage sama da kilomita 100. Sai dai wannan lissafin rani ne. Da damina abin ƙirgawa shi ne awowin da za ka share zaune bakin ƙorama kana jiran ruwa ya janye.

Ta Ƙonni kwalta za ka taka tun daga Yamai har cikin Tawa. Kwaltar ma tana da nata sharri. Lokacin da ruwa ya fara sauka ta fi santsi, domin ƙura da baƙin man da manyan motoci suka ɗiga sukan haɗu su zama kamar sabulu, sai an yi ruwa sosai ya wanke su. Ramuka kuma sukan cika fal, na yatsa huɗu da wanda zai lanƙwasa maka ƙafar gaba duk kamarsu ɗaya daga nesa. Ga manyan motocin fasinja da ke watsa maka ruwa a fuska, ka yi ɗan lokaci ba ka ganin komai. Amma duk waɗannan maganinsu na hannunka na dama: rage wuta, bi sawun tayar motar da ta wuce, taka birki a hankali tun da nisa.

Jar ƙasa kuwa ba ta jin wannan magani. Shekarar da na bi ta Filinge da damina, bayan na wuce garin na faɗa wani yanki da aka kwana ana ruwa. Daga sama hanyar lafiya lau, har tana sheƙi. Ban yi nisa ba na ji moto na nishi, tayar gaba ta daina juyawa, ina ta jan ta kamar garma. Laka ce ta cushe tsakanin taya da marfinta, ta daskare. Na sauka, na karyo itace na yi ta ƙwaƙule ta, na hau, ban kai tsawon filin ƙwallo biyu ba ta sake cikawa. Haka na yini. Sarƙa ta sha yashi tana ƙara, birkin baya ya jiƙe ya daina kamawa, takalmina ɗaya laka ta riƙe shi sai da hannu na zaro shi. Tun hantsi har la'asar mota biyu kaɗai suka wuce ni. Wannan shi ya fi tsaya mini a rai, domin da na karya ƙafa a wurin, sai dai makiyayi ya tsince ni.

Ƙoramu kam kowace hanya na da su, kar wani ya ce maka kwalta ta tsira. A Agustan 2024 ruwa ya shanye manyan hanyoyin fita Yamai, har da ta Dosso a wajen Sorey, motoci suka yi jerin gwano suna jira. Bambancin shi ne a babbar hanya, in ruwa ya yanke wuri, labari na isa Tashar Wadata kafin ka ɗaure kaya, kuma a bakin ruwan za ka tarar da jama'a, da jandarmomi, da samarin gari masu ɗauke moto su haye da shi ka ba su abin goro. A ɗayar hanyar kana iya zuwa bakin ƙorama kai kaɗai, ba wanda zai ce maka jiya ta ci gefen hanya. In ka tarar da ruwa ja yana gudu yana ɗauke da karare, kashe moto ka zauna. Kafa tsinke a bakin ruwan, ka duba shi bayan rabin awa, za ka gane ko yana janyewa. Ruwan ƙorama kan zo ne daga inda aka yi shi can nesa, ko da kai rana ce ke dukanka, kuma sau da yawa awa biyu ko uku ya wuce. Ko ya kwanta, in ya kai maka gwiwa kar ka shiga da inji a kunne; ya sha ruwa ta wurin shaƙar iska, tafiya ta ƙare.

Ka san hadarinmu daga gabas yake tasowa, galibi da yamma ko cikin dare, da iska da ƙura a gabansa. A nan babbar hanya ta yi maka rana. Daga Yamai zuwa Ƙonni gabas ka nufa, hadarin na haɗuwa a gaban idonka, kuma garuruwa na jere: Birnin Gaure bayan kilomita 100 da 'yan kai, Dosso wajen 140, Dogon Dutsi wajen 275, Ƙonni wajen 420, ban da ƙauyukan tsakani. Ka ga gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi ta taɓa ka, shiga rumfar mai shayi ta farko. Kar ka fake ƙarƙashin itace tilo saboda tsawa, gawo ma da damina ba shi da ganyen da zai tare maka komai. Daga Tsarnawa zuwa Tawa ka fi yin hattara, domin can arewa ka fuskanta, iskar za ta buge ka daga dama, kuma moto mai sauƙi irin naka tana iya tura shi tsakiyar hanya.

Kowane ɗayan waɗannan garuruwa akwai mai faci, da bakanike, da gidan mai. Ka cika tanki a gidan mai duk inda ka samu. Na kwalba a bakin hanya da damina yakan zo da ruwa a ciki.

Akwai kuma abin da ya fi ruwa nauyi. Baleyara da Filinge cikin jihar Tilaberi suke, inda hukuma ta hana zirga-zirgar moto a wurare da dama tun farkon 2020 saboda 'yan bindiga da moto suke kai hari. An sha sassautawa ana mayarwa. Baƙo shi kaɗai kan moto a wannan daji yana cikin hatsari ta fuska biyu, daga miyagu da kuma daga masu tsaro da ba su san shi ba. Ko da rani ba zan tura ƙanena can ba yanzu. A babbar hanyar ma ka riƙe permi, kart giriz (takardar moto), asurans da katin ɗan ƙasa a leda cikin ƙirjinka, ka tambayi jandarmomin shingen fita gari halin da ake ciki.

Ka bi ta Ƙonni, kuma ka raba ta kwana biyu. Tashi bayan sallar asuba, ka yi azahar a Dogon Dutsi, in sama ta yi fari ka ƙarasa Ƙonni kafin la'asar ta yi sanyi, in ba haka ba kwana a Dutsi. Kafin ka bar Yamai, ka shiga kasuwar Katako ka sayi rigar ruwa mai wando, ban da mai faɗin nan da iska ke hurawa har ta kai ga sarƙa. Ka ɗauki buji ɗaya, tib ɗaya, ɗan man sarƙa, kayan bikin kuma ka ninka musu leda biyu. Hular kwanonka in gilashinta ya karce, canja shi kafin ka tashi. In ka sauka Ƙonni ka buga wa mutanen gida waya su san inda ka kwana.